Suna Ɗaya a Kan Mashekarin Gida Biyu

Ulan Bato, 21 ga Agusta, 1999

Yaya Dashnyam,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka. Kuna cin damina lafiya? Dabbobi sun fara ƙiba? Yaya matarka Norjma da ciwon bayanta? Ka gaishe mini da maƙwabtanmu, Kawu Luwsan da Inna Dolgor. Ni lafiya ƙalau, in ban da idona da ke yaji saboda keken ɗinki. Tun safe har yamma wuyan riga nake haɗawa, rigunan da ban taɓa ganin mai sa su ba. Busasshen cukun da ka aiko ya iso, ka gaya wa direban na ga shaidar haƙoransa a jiki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san filin da na kafa tantina a gefen tudu shekara huɗu ke nan. Ni na kwashe duwatsunsa, ni na haƙa masai da hannuna. Ranar Talata sai ga wani mutum mai jakar fata, da ma'aikata biyu da igiyar awo. Ya zaro takarda mai hatimi, wai rabin filin nasa ne. Na ce, "Kai mai jaka, kana ina lokacin da nake fasa ƙasar nan da diga?" Ya ce, "'Yar'uwa, ni ban ce ba ki sha wahala ba. Ina takardarki?" Na kira maƙwabta su ba da shaida. Kowa ya ce ya san ni, kowa kuma ya sunkuyar da kai. Kafin rana ta faɗi sun kafa katako. Yanzu masaina da rumbun kwal ɗina suna cikin gidan wani. Ka yi dariya in ka ga dama, ni dai kuka na yi.

Tun ranar ban ƙara samun natsuwa ba, kuma ba don masai ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na ji a rediyo an fara ba makiyaya takardar mallakar mashekarin hunturu. Wurin kiwo na kowa ne har yanzu, amma inda garke ke kwana da sanyi, mai takarda shi ke da shi. Mashekarinmu Ulan-Had nake ji, Yaya. Baba ya rasu, babu sauran wanda za a ji kunyar idonsa. Idan wani ya riga ka, ina za ka kai tumaki in ƙanƙara ta sauko? Duk kwarin nan babu wani dutse mai tare iskar arewa sai shi.

Ka hau doki ka je ofishin gunduma ka rubuta sunanka. Na san halinka, sai ka ce gobe, goben kuma ta haifi jibi.

Ƙanwarka,
Tsewelma

*

Zawhan, 18 ga Satumba

Ƙanwata Tsewelma,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Norjma da sauƙi, tana gaishe ki. Kaka ta shigo, amma dabbobi ba su yi ƙiba ba. Ruwa bai yi ba bana, ciyawa ko idon sawu ba ta kai ba, ɓeraye kuma sun cinye sauran. Na taɓa bayan tumaki, ƙashi nake ji. Tsofaffi na cewa hunturun bana ba zai zo da wasa ba.

Na ji abin da ya sami filinki, raina ya ɓaci. Norjma ta ce mutumin da ya ƙwace masai, ai abin da ke ciki ma nasa ne, ya je ya ji da shi.

Don kada ki ce na raina maganarki, na je ofishin. Wata yarinya mai tabarau ta nuna mini takardar. Layi ɗaya ne tak na suna. Na ce mata mu gida biyu ne a Ulan-Had. Ta ce, "To ku zaɓi ɗaya." Na ce na gode, na sa hulata na fito.

Tsewelma, kin daɗe a birni, bari in tuna miki. Katangar garken nan Baba ne ya jera duwatsunta. Itacen rufin Kawu Luwsan ne ya jawo shi da shanunsa daga daji, tafiyar kwana uku. Takin da tumaki ke kwana a kai, wanda ke riƙe ɗumi ko ƙasa ta daskare, ya kai ƙugun mutum zurfi, kuma shekara arba'in garkenmu da nasa suna zuba shi tare. Ki rubuto ki koya mini yadda zan rarrabe kashin tumakinmu da na nasa, sai in je in sa hannu a kan namu. Har lokacin da dabbobi ke hannun gwamnati ba a raba mu ba. Mutumin nan shi ya fara sa almakashi a gashina ranar askin yarinta. Da wane ido zan dube shi?

Kowa a kwarin nan ya san na waye Ulan-Had. Nan ba birni ba ne, ki kwantar da hankalinki.

Labari sai kaɗan. Raƙumarmu ta warke. Sodnom, ɗan Kawu mai sayen gashin awaki, ya zo da sabuwar jif ya kwana biyu, yana ta danna ham yana firgita mana maruƙa. Shi ma Kawu ya je garin gunduma shekaranjiya, ya sa shuɗiyar rigarsa ta biki, ya ɗaura sirdin azurfa. Bai faɗi abin da ya kai shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Ki riƙa wanke idonki da ruwan shayi.

Yayanki,
Dashnyam

*

Ulan Bato, 1 ga Oktoba

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kai da Norjma da dabbobi. Ni ba lafiya ba, wasiƙarka ce ta kwantar da ni.

Haba Yaya! Ka karanta abin da ka rubuta kuwa? Ka cika mini shafi da kashin tumaki, sannan ka jefa babbar magana a ƙarshe, bayan labarin raƙuma. Sodnom ya zo ya kwana biyu. Yana tafiya, tsoho ya sa rigar biki da sirdin azurfa ya nufi gari, bai ce maka uffan ba. Biki ake yi a garin? Wa ya mutu? Wa ya haihu? Mutum ba ya sa rigar biki don sayen ashana. Ofis ya je, Yaya, ofis!

Ban ce Kawu mugu ba ne. Ni ma a cinyarsa na koyi hawan doki. Amma tsoho ne, kuma yana da ɗa wanda ya san darajar hatimi. Ko da a ce shi ba zai taɓa korarka ba, shekara nawa suka rage masa? Ranar da ya bi Baba, takardar ta koma hannun Sodnom. Shi kuwa Sodnom zai sayar da inuwar uwarsa in ya sami mai saye. Zai ce maka, "Ni ban ce ba ka sha wahala ba." Na riga na ji wannan waƙar, na san amshinta.

Ka ce kowa ya san na waye Ulan-Had. Ni ma kowa ya san ni.

Ga littafin Baba na zamanin gandun gwamnati na sa maka a ciki, wanda na taho da shi bayan jana'iza. Duba shafi na biyu: sunansa aka rubuta a matsayin shugaban mashekarin. Ka kai wa mai tabarau. In an yi sa'a ba su gama da takardar Kawu ba, wannan ya fi tasa ƙarfi. In suna ɗaya za a rubuta, to gara naka, don kai na tabbata ba za ka kori kowa ba. Ba cin amana nake sa ka ba, riƙe wurin za ka yi domin gida biyun. Ka karanta wa Norjma wannan, ita ta fi ka saurin fahimta.

Tsewelma

*

Ulan Bato, 6 ga Nuwamba

Yaya Dashnyam,

Kuna lafiya? Sati biyar ke nan shiru. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya tashar motocin Zawhan, har direbobi sun fara ce mini amaryar tasha. Ɗaya ya ce ƙanƙara ta rufe mashigar dutse tun tsakiyar Oktoba, wani ya ce ƙarya ne, ya wuce ta nan jiya.

Ka ji haushina ne? In na yi maka rashin kunya ka yafe, bakina ne, ka san shi tun yana ƙarami. Ko kuwa mun makara, an ba Kawu takardar, kana jin nauyin gaya mini? Kun koma Ulan-Had ko kuna ina? Ko layi biyu ne ka rubuto. Jiya na ɗinke wuyan riga a baibai har guda shida, shugabar layinmu ta tambaye ni ko soyayya nake yi.

Ƙanwarka

*

Ulan-Had, 23 ga Nuwamba

Tsewelma,

Muna lafiya. Wasiƙunki biyu sun zo. Hanya a buɗe take, hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro.

Na yi abin da kika ce. Norjma ta karanta wasiƙarki sau uku, ta daina cin abinci, ni ma maganar rigar bikin ta shiga raina ta zauna. Na kai littafin Baba. Yarinyar ta duba, ta rubuta sunana a babban littafi, na sa hannu, ta buga hatimi. Sai a lokacin na yi ƙarfin halin tambaya ko Kawu Luwsan ya shigar da tasa. Ta ce, "Luwsan? Bai taɓa taka ƙofar nan ba." Na ce ta goge. Ta ce bakin alƙalami ya bushe, kuma ƙarshen wata za a liƙa sunaye a bango.

Kwana goma muna kiwo gefe da gefe da shi, kullum ina cewa yau zan faɗa masa, sai in ɗaga zuwa gobe. Ran nan sai ya shigo tantinmu ya zauna, ya miƙo mini battar tabarsa, ya ciro wata 'yar takarda daga ƙirjinsa. Ya ce, "Ɗana, a da ubanka ne ke zuwa wajen lama, malamin addininmu, ya dubo mana ranar tashi zuwa mashekari. Bana babu shi, sai na je da wuri, don na ga alamar sanyi zai yi gaggawa. Ga ranar. An ce raƙumin gidanku ne zai shiga gaba." Abin da ya kai shi gari da rigar biki ke nan. Baba ma haka yake yi duk kaka, ba ya gaya wa kowa, mu ne ba mu taɓa lura ba.

Kashegari Sodnom ya iso da jif. Ya riga ya karanta sunayen da aka liƙa a bango, ya gaya wa ubansa.

Babu wanda ya ɗaga murya. Ranar tashi muka ɗaure kaya tare kamar kullum, shi ya riƙe mini igiya ma. Da muka kai mararraba, raƙumanmu suka yi arewa, Kawu ya juya nasa gabas. Na sukwano na tare shi. Na ce, "Kawu, ba nan ce hanya ba." Ya ce, "Taka ce can." Na ce takarda ce kawai, na yi ne don kada baƙo ya shigo mana. Ya ce, "Ka yi daidai. Zamani ne." Na ce wurin namu ne duka, yadda yake tun da. Ya dube ni ya ce, "A da ba a gayyatata Ulan-Had, Dashnyam. Zuwa nake yi." Ya taɓa dokinsa ya wuce.

Ya sauka a tsohon kangon nan na bakin rafi, inda babu rufi, babu taki, ƙasa ce tsirara. Na je sau biyu. Inna Dolgor ta ba ni shayi, shi kuma ya tambayi lafiyar dabbobina ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ya sauka neman hanya. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ƙanƙara ta kai gwiwa. Ina jin tsoro, ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba.

Dashnyam

*

Ulan Bato, 12 ga Janairu, 2000

Yayana,

Ina gaisuwa, ban ma san yadda zan tambayi lafiyar dabbobi ba. Kullum rediyo sai ya ambaci Zawhan. An ce ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa, ko doki ba ya iya fasa ta da kofato. Wannan ce wasiƙa ta uku tun da na karanta taka, ban san ko sauran sun iso ba.

Ni ce. Ni na ga rigar biki na ɗinka mata labari. Na auna Kawu da mudun mai jakar fata. Sai dai wani lokacin ina zaune a kan keke sai zuciyata ta ce, to da Sodnom ne ya riga mu fa? Da yanzu kai ne a kango. Sai in ji kunyar tunanin, sai kuma ya dawo. Ban san wanne ne gaskiya ba, Yaya, kaina ya ɗaure.

Ka ɗauki takardar ka kai masa, ka jefa ta a murhu a gabansa. Ko ka ce masa ni na yi, ƙanwarka marar kunya ta birni, kai ba ka sani ba. Ya tsine mini, na yarda, in dai zai kwaso tumakinsa ya dawo bayan dutse. Inna Dolgor da tarin nan nata, a bakin rafi, cikin wannan iska!

Na ba wani direba buhun dusa biyu da maganin tari. Ɗaya naka, ɗaya nasu. Kada ka ce daga ni ne in ka ga ba zai karɓa ba.

Tsewelma

*

Ulan-Had, 26 ga Afrilu

Ƙanwata,

Muna raye, ni da Norjma, da Kawu da Inna Dolgor. Na fara da wannan don na san shi kike jira. Wasiƙunki sun zo a dunƙule makon jiya tare da buhu ɗaya. Maganin tarin ya iso, ta sha.

Ba zan ba ki labarin hunturun duka ba. Garken nan an gina shi ne don tumakin gida biyu, su cika shi su ɗumama juna. Namu kaɗai suka zama kamar wake a babbar tukunya. Sanyi ya sa suna hawa kan juna a lungu ɗaya, da safe in zaro na ƙasa a mace. A da in iska ta kori dawakai, ɗaya ya bi su, ɗaya ya tsaya da tumaki. Bana ni kaɗai ne, na bi tumaki, dawakai suka tafi, har yau ban gan su ba. Rabin garkenmu ya rage, kuma dutsen nan da takin nan su suka tsirar da rabin.

Na Kawu a kan ƙasa tsirara suke kwana, cikinsu na mannewa da ƙanƙara. Da Farin Wata, bikin sabuwar shekara, ya kama na fasa hanya na je gaishe shi. Na tarar ya jera gawarwakin tumakinsa ya yi katanga da su don tare wa sauran iska. Na tallabi gwiwar hannunsa kamar yadda ƙarami ke yi wa babba, ya sunsuni kumatuna, ya sa mini albarka. Na ciro takardar zan jefa a murhu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ƙona ta, babban littafin fa? Mayar aljihu, kada ka ɓata wuta." Na roƙe shi ya taso. Ya ce masu ƙarfin tafiyar ba su da yawa, ba sai an wahalar da su ba. Awaki goma sha ɗaya da doki ɗaya suka fita da rai.

Wani abu kuma da ya kamata ki sani, don kada ki ɗora wa kanki duka. Inna Dolgor ta gaya wa Norjma cewa zuwan Sodnom na kaka, maganar takardar ce ta kawo shi. Kwana biyu yana matsa wa uban ya je ya rubuta sunansa. Tsohon ya kore shi da bulala. Kin yi gaskiya a kan ɗan, mun yi kuskure a kan uban, kuma ni ne na sa hannu, ba ke ba.

Da hanya ta buɗe na koma ofis in ga ko za a ƙara sunansa. Layin dai ɗaya ne. Na kora masa tumaki arba'in masu 'ya'ya, kamar yadda ake yi wa wanda hunturu ya share. Ya karɓa, don wannan ba abin kunya ba ne, shi ma ya yi wa wasu. Na dawo ina murna, na ce wa Norjma an gama, ya huce.

Shekaranjiya sai ga shi a ƙofar tantina. Bai shigo kai tsaye yadda ya saba ba, ya tsaya daga waje ya yi gyaran murya. Da ya shigo ya ƙi zama a wurinsa na sama, ya zauna kusa da ƙofa. Ya warware shuɗin ƙyallen girmamawa a kan hannuwansa biyu, ya miƙo mini, kansa a sunkuye. Ya ce, "Maigida, na zo roƙo. Ina da 'yan tumaki, ba za su iya wani hunturun a fili ba. In akwai wuri a gefen garkenka, a ba ni aro." Na ce, "Kawu, don girman Baba ka daina. Kai ka jawo itacen rufin nan." Ya ce, "Na gode." Godiya ya yi mini, Tsewelma. Sannan ya tambaya 'yan raguna nawa zai riƙa ba ni duk shekara ladan wurin.

Na ce ko ɗaya. Ya ce a'a, wurin mutum ba a zama a cikinsa kyauta, in ba a yanka masa ba zai koma bakin rafi. Na ce ban san yadda ake yanka irin wannan ba. Ya ce, "Tambayi ƙanwarka, an ce ita ta san dokar yanzu." Na dubi fuskarsa ina neman alamar gatse, ban samu ba. Da gaske yake, jira yake.

Norjma ta fita waje tana kuka. Ni har yanzu na kasa taɓa ƙyallen.

Motar wasiƙu za ta dawo nan da sati biyu. Kada ki aiko da dusa, kada ki aiko da magani. Ki rubuto mini raguna nawa zan ce masa.

Yayanki,
Dashnyam